Tafintan Dodon Sanyi

Ƙarshen damina ne, an karya masara, dawa ta fara sunkuyar da kai. Shekarar ta yi albarka a gona, amma ba ta kawo kwanciyar rai a gidaje ba. Kaya sun yi tsada, samari sun watse neman abin yi, kusan kowace uwa a garinmu na gefen dajin Ɗansoshiya tana da wanda take jiran labarinsa.

Tun da na dawo daga Damagaram matan ajinmu na yaƙi da jahilci ba su bar ni na huta ba. Wannan ta tare ni a gidan suna, waccan ta aiko 'yarta, wai da gaske na shiga gidan kallo, wai da gaske na ga aljani ido da ido. Na faɗa har bakina ya gaji, kuma kowace da rabin da take tafiya da shi. Malamarmu ta ce tunda yanzu ina haɗa baƙi, in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. To ga shi, inda na yi kuskure a gyara mini.

Ɗana na fari ne dalilin tafiyar. Ba zan rubuta sunansa ba, don ban taɓa faɗarsa da bakina ba. Mahaifiyata Bafulatanar wajen Falgore ce, a kan tarbiyyarta na tashi: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a haɗa tabarma da shi, ba a yabonsa a gaban kowa. Ana yaye shi Goggo, uwar Malam mijina, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta. In ta kama dole, Na-Goggo nake ce masa. Shi kuma Adda yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗa.

Ya gama sakandare a Kiru, aiki bai samu ba, sai ya bi wani mai fataucin raguna zuwa ƙasar Nijar. Damina biyu muna samun gaisuwarsa a bakin matafiya. Ana nan sai wani dillalin dabbobi na unguwarmu ya dawo daga can, ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce ya ga yaron da idonsa a gidan kallo, riƙe da abin magana, yana yi wa aljanun Turawa tafinta.

Malam ya shigo gida bai ko dubi abincinsa ba.

"Zan aika masa," in ji shi. "Ya zaɓa. Ko ya baro wannan abu ya dawo gona, ko ya nemi wani uban."

Na bari sai da ya sha ruwa, sannan na ce, "Malam, a kan maganar mutum ɗaya?"

Ya ajiye kwanon ruwan. "To je ki gani. Ke ba ki taɓa kare shi ba, ba za ki fara yau ba. Abin da kika dawo kika ce, da shi zan yi aiki."

Ya yarda da ni ne don ya san al'ada ta ɗaure mini baki a kan yaron nan. Ni kuwa abin da ya dame ni ke nan. Yaya zan binciki wanda ba na iya duban fuskarsa in yi masa tambaya?

Ƙanena Sale, mai gyaran keke a kasuwar Kiru, shi aka haɗa ni da shi. Sale mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba ya hutu. Na ɗaure tsaraba: garin masara, daddawa, yaji, da gorar zuma da dangin mahaifiyata suka kawo daga daji. Muka fita da sassafe a bayan a-kori-kura zuwa Kwanar Ɗangora, daga nan bas ta kai mu Kano da hantsi. Ban ga komai na Kano ba sai tasha, da masu kiran gari-gari kamar suna faɗa da juna. Sale ya riƙe jakata da hannu ɗaya, da ɗayan yana nuna mini benaye, wai kada in dawo a ce na je birni ban ɗaga kai ba.

A motar Daura aka sa ni gefen wata mai goyo, a bayanmu kuma wani dogon Buzu da rawaninsa ya rufe masa baki. Bai ce uffan ba har muka wuce Kazaure. Can rana ta yi tsaka sai ya taɓa kafaɗar Sale a hankali.

"Malam, kayanku yana kuka."

Zafi ne ya tunkuɗo toshiyar gorar. Zuma ta bi ta kan buhun garin, ta sauka a jakar fatar bawan Allah, ta gangara har cikin takalminsa. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa fuskata. Na yi ta ba shi haƙuri, shi kuwa ya dangwala yatsa ya tura ƙarƙashin rawani, ya ce wannan zumar daji ce ta gaske, in za ta ƙara zuba a faɗa masa ya tara hannu.

A bakin iyaka, can gaban Daura, aka sauke kayan kowa don a duba. Ba a daɗe ba ƙudan zuma suka ji labari. Da ɗaya ya zo, sai dangi duka. Ma'aikatan namu ɓangaren da jandarmomin can ɓangaren, kowa na kaɗa hula, Buzu na tsaye a tsakiya ƙudaje na bin ƙafarsa kamar sarkinsu. Direbanmu ya ce tun da yake bin hanyar nan bai taɓa ganin fasinja sun mayar da kayansu mota da sauri haka ba. Ni dai abin da ya ba ni mamaki shi ne iyakar kanta. Na zaci zan ga ganuwa. Sanda ce kawai a gicciye, akuyoyi na wucewa ta ƙarƙashinta ba mai tambayar su.

Motar da muka shiga daga nan ta lalace a Matamaye gab da magariba, dole muka kwana. Wata tsohuwa mai sayar da abinci a bayan tasha ta ba ni wuri a ɗakinta, Sale ya kwanta a rumfa tare da maza. Su can gero ne komai nasu, tuwo gero, fura gero, kunu gero. Da na kwance mata ɗan garin masara ta yi ta murza shi a tafin hannu, ta ce ashe mu 'yan kudancin Kano sarakai ne ba mu sani ba. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ga tauri, sai an jiƙa a shayi. Shayin kuma a ɗan ƙanƙanin kofi, mai ɗaci, kuma in ka sha na farko ka tashi, ka yi rashin ladabi, sai ka jira na biyu da na uku.

A wurin shayin nan Sale ya ambaci abin da ya kawo mu. Wani direba ya ajiye kofinsa.

"Ɗan Kano mai fassara? Ai duk Damagaram an san shi. Ran da ba ya nan, rabin benci wofi ne."

Sale ya washe baki. Ni kuwa ban ji daɗi ba. Na ce a raina, ashe abin har ya yi suna.

Mun shiga Damagaram da hantsi. Gari ne mai manyan duwatsu a tsakiyar gidaje, da raƙuma a titi kamar jakuna a wurinmu. Hausarsu tamu ce, sai dai sun fi mu jan gaisuwa, kuma in suka yi boko Faransanci suke yi. Nan ne na gane dalilin da ake son yaron. Kaset ɗin fina-finan daga Kano ake kawo su, cikin Ingilishi, su kuwa ba sa ji. Shi ke zama gefe da abin magana yana juya musu.

Gidan kallon rumfar kwano ce mai bencina. Zan faɗi gaskiya, ban so ƙofarsa ba. Warin taba, samari zaune da hantsi ba aikin fari ba na baƙi, ga hotuna manne a bango, wasu na mata da ban iya duba sau biyu ba. Ina tsaye nesa, Sale ya shiga ya ƙwala kiran sunan yaron.

Ya fito yana goge hannu. Da ya gan ni sai ya tsaya cik, sannan ya tsuguna daga inda yake, kansa a ƙasa.

"Adda, sannu da hanya."

"Yauwa."

"Su Goggo? Su Malam?"

Na juya wajen Sale na ce, "Duk suna lafiya."

Ƙafafunsa kawai na duba. Ba kaushi, takalminsa mai kyau ne, kuma da wutsiyar ido na ga wuyansa ya cika. Aƙalla dai yana ci.

Aka sauke ni a gidan mai gidan kallon, wajen matarsa Hajiya Rabi, mace mai jiki da dariya a kusa. Ita ɗanta na fari sunansa take kira gatsau, har ta ja masa kunne a gabana. Ta ce su ma a ƙauyukansu ana wannan kunyar, amma ita ta ajiye ta tun da ta shigo birni, nauyi gare ta. Ta ciyar da ni dambun zogale da kilishin da ban taɓa cin mai laushinsa ba. Da ta ga kwanaki na tafiya ban ce wa yaron komai ba, shi ma in ya zo gaisuwa daga zaure yake tsayawa, sai ta kasa haƙuri.

"Ke yanzu, 'yar'uwa, kin keto ƙasa biyu don ki kalli ƙafarsa?"

Na gaya mata abin da ke tafe da ni, da maganar Malam. Na so Sale ya zama idona, amma Sale tun yammacin farko ya shige rumfar nan, ya fito yana kwaikwayon masu dambe, bai da sauran amfani a wajen shaida. Abu ɗaya ya kawo mini mai nauyi. Ya ce ya faɗa wa yaron saƙon Malam, yaron ya ce in Malam ya ce ya dawo zai dawo, ba zai yi musu da mahaifinsa ba. Amma wai da ya faɗa, sai ya tashi ya shiga bayan rumfa ya daɗe.

Hajiya ta ce abin mai sauƙi ne. Su matan gidan ba sa zuwa rumfa, akwatin talabijin ɗin ake kawo musu falo wani lokaci bayan azahar, yaron ya zauna a bayan labulen ƙofa yana fassara. Ta tambaye ni wane iri nake so, na waƙa ko na dariya.

Na ce, "Wanda mutumin garinmu ya gani. Wanda ya fi muni nake so a sa mini."

Aka rufe tagogi, maƙwabta suka shigo da 'ya'yansu, aka zauna a ƙasa. Ni ina can ƙarshe kusa da ƙofa, ba don komai ba sai don in abin ya fi ƙarfina in fita. Ban lura ba sai da na zauna, ashe labule kaɗai ke tsakanina da shi.

Ya fara da cewa, "Jama'a, wannan ƙage ne. Mutane ne kamar mu suka zauna suka shirya shi, kamar tatsuniya. Yara, duk wanda ya ji tsoro ya kama zanin uwarsa, ba abin kunya ba ne."

Tsohon fim ne, launinsa har ya koɗe. Hajiya ta ce ya girmi yaron, kuma sababbi sun fi shi jini da ƙara, amma shi mutane ke cewa a maimaita. Labarin wasu leburori ne da aka ɗauka a kumbo zuwa wata duniya mai nisa, inda rana take 'yar mitsitsiya kamar kwabo, don su haƙo wani irin ƙarfe. Kumbon nasu ni dai butar shayi ya tuna mini. Amma mutanen ciki na gane su. Suna ƙorafin abinci, suna tsokanar juna, ɗaya na ta duba hoton 'ya'yansa. Irin samarinmu ne da ke tafiya cirani. Yaron ya raɗa musu sunaye don mu riƙe: Dogo, da Mai Gemu shugabansu, da Likita, da wata mace mai tuƙa kumbon da ya kira Ladi, da ƙaraminsu Ɗan Auta, wanda Ladi ke yi wa faɗa kullum a kan rashin natsuwa.

Suna haƙa sai suka huda wani kogo, wani abu da ke barci a ciki ya farka. Ga inda dillalin garinmu ya yi kuskure. Ba aljani a fim ɗin nan. Ba ƙaho, ba jan ido, ba a ma nuna abin. Sanyi kawai ake gani. Wani farin abu kamar kanwa ya riƙa bin bango a hankali, fitilu su dushe ɗaya bayan ɗaya, numfashin mutum ya fara fita kamar hayaƙi. Abin ɗumi yake bi, ko na wuta, ko na fitila, ko na jikin ɗan Adam. Wanda ya taɓa, sai a same shi zaune a sandare, ido buɗe.

Dogo aka fara samu haka. Muryar bayan labule ta yi ƙasa ta ce, "Dogo ya riga mu gidan gaskiya." Wata tsohuwa a gabana ta ce Allah sarki, kamar maƙwabcinta ne.

Na yi ta tunani daga baya, me ya sa abin ya kama ni haka, ni da na yi kwanan daji da shanu ina yarinya. Ina ganin don sun san abin da masu tatsuniya suka sani ne. Dodon da aka nuna maka, ka gama da shi, ka ga iyakarsa. Wanda aka bar maka a zuciya, kai za ka ƙera shi da hannunka, kuma ba wanda ya fi ka sanin abin da kake tsoro. Sannan ba sa gaggawa. Za a nuna maka ƙofa a rufe, a bar ka da ita har ka ji bugun ƙirjinka. A irin wurin nan yaron ba ya cewa komai. Ya san inda ake shiru. Wannan ba a makaranta ya koya ba, salon Goggo ne in tana ba jikoki labari, har yadda take jan numfashi kafin ta faɗi mugun abu. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba. Ashe haka muryarsa take.

Wani wuri Mai Gemu ya fusata ya yi ta zuba magana, jijiyar wuyansa a miƙe, ya daɗe bai tsaya ba. Da ya gama, yaron ya ce, "Ya ce ransa ya ɓaci." Matan suka fashe da dariya. Hajiya ta ce, "Ɗan Kano, duk wannan?" Ya ce, "Sauran ba na gidan mutane ba ne, Hajiya."

Likita ne ya ja musu asara. Sauran sun ce a gudu, shi ya ce sai ya kama abin a tulun ƙarfe ya kai gida a yi masa suna. Ya kunna murhu a ɗakinsa don ya jawo shi. Kanwar nan ta fara bin ƙasan ƙofarsa, tana hawa, hannun ƙofar ya fara fari, Likita ya juya baya bai gani ba. Kowa a falon ya daina numfashi. Sai hoton ya tsaya cak.

"An kira la'asar," in ji muryar bayan labule.

"Haba Ɗan Kano, yanzu?" in ji Hajiya.

"Dodon zai jira, Hajiya. Ba inda za shi."

Muka yi salla. Ban ɓoye muku ba, sai da na sake niyya, don hannun ƙofar nan na ta zuwa mini.

Da aka ci gaba, mutane suka yi ta ƙarewa har saura Ladi da Ɗan Auta. Suka cinna babbar wuta a cikin kogon don abin ya koma can, su kuma suka kashe duk wani abu mai ɗumi a kumbon, suka zauna cikin duhu da sanyi suna jiran ya fita. Ɗaki ne dogo. Ita ta zauna a wannan ƙarshe, ta nuna masa wancan. Yaro na kakkarwa, haƙoransa na haɗuwa, ya miƙo mata hannu yana so ya matso. Ta girgiza kai. Ta ma juya fuskarta ga bango, sai dai da gefen ido take duban ko yana motsi.

Hajiya ta ce, "Wannan mata da taurin zuciya take. Yaro na mutuwa da sanyi, ba za ta ko rungume shi ba?"

Muryar ta zo daga bayan labule, kusa da kunnena, a hankali.

"In ta matso, ɗuminsu zai haɗu, abin ya same su. Nisan nan shi ne abin da take da shi da za ta ba shi. Shi ma ya sani."

Na dubi akwatin. Ba wanda ke magana a ciki. Bakin Ladi a rufe, na Ɗan Auta a rufe. Ba fassara ya yi ba.

Na ja mayafina na rufe fuska. Hajiya ta tambaye ni ko tsoro ne, na ce hayaƙin turarenta ne ya shiga mini ido.

Sun tsira, su biyun. Kanwar ta janye daga bango, suka tada kumbon suka tashi. Amma a ƙarshe an nuna kusurwar taga, ga ɗan farin tabo kamar ƙwayar gero, aka bar mu da shi. Yara suka yi ta tambaya ko abin ya biyo su. Ya ce shi ma bai sani ba, kowa ya tafi da nasa.

Kwana biyu bayan nan muka kamo hanya. Ya ɗauko jakata har tasha, yana tafiya a bayanmu. Ya ba Sale dabino na Goggo, da kilishi na Malam, sannan ya miƙa masa wani bargo mai kauri ya ce, "Kawu, a ba Adda." Ina tsaye a wurin. Na ce wa Sale, "Ka faɗa wa mutanen nan su riƙa cin abinci a kan lokaci." Sale ya dube ni ya dube shi, ya ce shi dai Allah ya haɗa shi da aiki, tafinta biyu a gida ɗaya.

Dawowa ba wani labari, sai dai a iyaka wani jandarma ya gane mu ya tambaya ko yau ma da zuma.

Na iso gida da yamma, na tarar da Malam a tsakar gida yana ɓarar masara. Bayan gaisuwa da ruwa ya ce, "To?"

Na fara da abin da ban so ba, don amana ce. Na faɗi tabar, da samarin da ke zaman banza, da hotunan bango. Fuskarsa ta ɗaure. Sai na zo inda ya kamata in ce yaronmu mutumin kirki ne, aikinsa kuma ba abin kunya ba ne, bakina ya ƙi. Shekara ashirin da wani abu ban yi ba, ba zai buɗe rana ɗaya ba. Na ga in na yi shiru a nan, shirun zai zama hukunci.

Sai na ce, "Bari in ba ka abin da aka nuna, ka auna da kanka."

Na ba shi labarin tun daga kumbo, da kalmomin da na ji, da shirun a inda aka yi shiru. Na faɗi abin da aka ce wa yara tun farko, da yadda aka taƙaita maganar Mai Gemu. Wajen mutuwar Dogo hannun Malam ya rage sauri. Wajen murhun Likita ya ajiye masarar gaba ɗaya. Na kawo kanwar har hannun ƙofa, sai na tsaya.

"Sai me?" in ji Malam.

"A nan aka tsayar. An kira la'asar."

"Wa ya tsayar?"

"Mai fassarar."

"A daidai nan? Mutane suka yarda?"

"Ba a nemi yardarsu ba."

Ya ɗauki masara ya juya ta a hannu, ya ajiye. Na ga gefen bakinsa ya motsa. 

"Hotunan nan na bango, ya gaya wa maigidansa ba su dace ba. Ko a ji ko kada a ji, ya faɗa. Kuma babbar Salla a nan zai yi ta, Goggo ta gan shi." Ya sake ɗaukar masarar. "Bayan Salla ya koma bakin aikinsa."

Na ce to.

"Shi Likitan, abin ya kama shi?"

Na ƙarasa masa har ƙwayar geron da ke kan taga. Maganar bayan labule kaɗai na tsallake. Ita ban faɗa wa Malam ba, ku ma da kuka karanta ku bar ta a takarda.

Washegari da safe, bayan na kai wa Goggo kununta da dabinonta, na buɗe ɗakin da ke gefen zaure, wanda muka mayar wurin ajiyar buhuna tun da mai shi ya tafi. Na kwashe su ɗaya-ɗaya zuwa rumbu, na share yanar gizo-gizo, na toshe ramin ɓera. Goggo ta leƙo tana dogara sanda, ta tambaye ni baƙo za mu yi. Na ce a'a, na gida ne. Sannan na ɗebo ruwa na fara jiƙa ƙasar daɓe.